Wai Ana Sallama da Maigida

Duk wanda ya hau motar turoturo daga Kejetiya a Kumasi ya bi hanyar Akara ya sauka wajen Tek, kafin ya ga aji ko ɗakin kwanan ɗalibai na Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah, ƙofa zai fara gani. An gina ta a siffar kujerar sarautar Asante, mai lanƙwasasshen mazauni, kuma malami ne kai ko ɗalibi ko mai tallan ruwan leda, ta gindinta za ka bi. Kujerar nan tana cikin tambarin jami'ar. Babban ɗakin karatu yana ɗauke da sunan Prempeh na Biyu, sarkin da ya ba da filin. Uban jami'ar kuwa tun 2006 shi ne Otumfuo Osei Tutu na Biyu, mai riƙe da kujerar a yau. An kafa makarantar a 1951, ta buɗe a watan Janairun 1952 da ɗalibai 200 da aka kwaso daga Achimota, ta zama cikakkiyar jami'a a 1961. Sunan Nkrumah ne a kanta, gwamnati ce ke biyan malamanta, amma ba a bar mai shiga ya manta ƙasar wa yake takawa ba.

Can Ostareliya ma jami'o'i sun shiga irin wannan hidima, sai dai su da fenti suke yin tasu. Sai a ware bango guda a harabar makaranta, a ba wani mai zane daga cikin 'yan asalin ƙasar, waɗanda ake kira Aborijin, ya cika shi. A gefe a kafa ɗan allo a rubuta sunan mutanen da ke da wurin tun kafin zuwan Bature: a Jami'ar Sidni Gadigal ne, a ta Melbon Wurundjeri. Galibi zanen ba hoton fuskar kowa ba ne. Ƙasa ce ake kallo daga sama yadda shaho ke ganinta. Da'ira cikin da'ira ita ce rijiya ko masauki ko wurin taro, ɗan lanƙwasa mai kamar kofaton doki mutum ne a zaune, layukan da ke haɗa da'irorin hanyoyi ne ko magudanan ruwa, ga sawun dabbobi, ga ɗige-ɗige ba iyaka da jan ƙasa da rawaya da fari da baƙi. Haka kuma ba a cika buɗe taro ba, na yaye ɗalibai ne ko lacca, sai mai jawabi ya fara ambaton masu ƙasar da dattawansu na da da na yanzu.

Mutanen can sun rabu a kan abin. Wasu na ganin girmamawa ce da aka daɗe ana bin su bashinta, wasu na cewa kwalliya ce kurum wadda ba ta ci wa jami'a komai sai kuɗin fenti. Ɗan Zango ba ya buƙatar dogon karatu kafin ya auna wannan gardama, don ma'aunin yana bakin ƙofar gidansu. Zanen nan sallama ce.

Ku dubi yadda ake yinta a unguwanninmu na Kumasi, Aboabo ko Sabon Zango ko Yalwa. Baƙo ya iso ƙofar gida, ba ya tsayawa tsakiyar ƙofa yana leƙe, gefe yake raɓewa. Ya ɗaga murya ya yi sallama. In ya ji shiru ya sake. In ga yaro yana wasa a bakin kwata, sai ya yafito shi.

"Kai, zo nan. Shiga ka ce ana sallama da maigida."

Yaro ya ruga, ka jiyo muryarsa daga tsakar gida: "Wai ana sallama da Baba!"

Wata murya daga ɗaki ta ce, "Je ka ce in ji wa?"

Yaro ya fito, ya koma, ya sake fitowa yana haki: "Wai yana zuwa."

Baƙo kuwa yana nan tsaye, ko rana na dukansa, ko ya fi maigidan kuɗi da shekaru. In ya yi sau uku ba a amsa ba ya juya. Wani lokacin ma yaro ya dawo ya ce "wai ya fita", alhali ga takalman maigida nan a bakin ƙofa suna kallonka, haka za ka haɗiye ka ce a gaya masa ka zo. Wannan haɗiyewar ita ce gishirin abin. Sallama ba ta cika a bakin baƙo, sai akwai wani a ciki mai ikon cewa shigo, mai ikon cewa dawo gobe. Wanda ya faɗa gida kai tsaye, ya janyo tabarma ya miƙe ƙafa, sannan ya waiwayo ya ce salamu alaikum, kalmominsa ba su da aibu, amma ko yaron bakin kwata ya san ba sallama ya yi ba.

A ranar 26 ga Janairun 1788 jiragen ruwan Ingila ƙarƙashin Kyaftin Arthur Phillip suka sauke fursunoni da sojoji a inda Sidni take yanzu. Mutanen da suka tarar sun haura shekara 50,000 a ƙasar, suna magana da harsuna kusan 250. Ba a aiki yaro ba, ba a tambayi kowa ba. A maƙwabciyarta Niyu Zilan, Ingila ta ƙulla yarjejeniya da sarakunan Mawori a 1840, ko da yake an yi ta taka ta daga baya. A nan ko wannan ba a yi ba. Dokar Bature ta ɗauka ƙasar ba ta da mai ita, tunda ba ta ga ganuwa ba, ba ta ga fada ba, ba ta ga gona mai kunya ba. Cuta da bindiga da ƙwace wuraren ruwa suka yi aikinsu, aka tattara saura a sansanoni, aka riƙa raba 'ya'ya da iyayensu har wajen 1970. Yau ba su kai kashi 4 cikin 100 na al'ummar ƙasar ba.

Wanda ya yi sanadin rushe waccan doka kuwa ma'aikacin jami'a ne, amma ba mai riƙe alli ba. Eddie Mabo, mutumin tsibirin Mer, shuke-shuke yake kulawa da su a Jami'ar James Cook da ke Townsville. A 1974 yana hira da malaman tarihi biyu, Henry Reynolds da Noel Loos, yana ba su labarin filin gidansu a tsibiri, sai suka gaya masa cewa a doka filin na gwamnati ne. Shi da ya san iyakarsa tun yana yaro, ya san uban da ya gada, ya san maƙwabcin gabas da na yamma! A 1982 ya shigar da ƙara tare da wasu 'yan tsibirin. Shari'a ta ci shekara 10. Ya rasu a watan Janairun 1992, ranar 3 ga Yunin shekarar kotun ƙoli ta yanke cewa ƙasar tana da masu ita tun asali. A 2008 jami'ar ta sa wa ɗakin karatunta sunansa. Sai dai dokar da aka yi a 1993 don aiwatar da hukuncin ta zo da sharaɗi mai nauyi: sai jama'a sun nuna alaƙarsu da wurin ba ta yanke ba, kuma filin da aka riga aka mallaka wa wani da takarda ya tafi ke nan. Manyan birane, inda jami'o'in suke, kusan duk sun faɗa cikin wannan. Abin da ya rage a iya ba masu ƙasa a cikin birni shi ne bango.

Shi kansa salon ɗige-ɗigen da duniya ta sani a bangon makaranta ya fara fitowa fili. A 1971, a Papunya, wani sansanin gwamnati a tsakiyar hamada mai nisan kusan kilomita 240 daga Alice Springs, wani malamin zane Bature, Geoffrey Bardon, ya so yara su yi wa bangon makarantar firamare ado. Yara suka noƙe, don labarin da zanen ke ɗauka ba nasu ba ne su taɓa. Dattawa ne suka karɓi burushi suka zana labarin tururuwa mai zuma, wadda wurin ke da alaƙa da ita. Bayan 'yan shekaru hukuma ta sa aka shafe shi da fenti. Amma ƙofa ta riga ta buɗe: a 1972 masu zanen suka kafa kamfaninsu, Papunya Tula, yau kuwa ayyukansu suna manyan gidajen tarihi na duniya. Ana cewa yawan ɗigon nan ya ƙaru ne bayan wasu dattawa sun yi ƙorafin ana tona asirin abin da bai kamata baƙo ya gani ba, sai masu zane suka riƙa lulluɓe shi. Wato ko a kan bango, maigida ya bar wa kansa ɗakin da baƙo ba ya shiga.

A nan ne wasu jami'o'in ke tuntuɓe. Ɗige-ɗige salon mutanen hamada ne. Mutanen gaɓar kudu maso gabas, inda Sidni da Melbon suke, nasu daban ne: sassaƙa a kan dutse, layuka a jikin garkuwa da mayafin fata da kututturen itace. In aka ɗauko zanen hamada aka manna a Sidni aka ce an girmama Gadigal, an tsaya a ƙofar Malam Audu ana kiran sunan Malam Garba. Banda kayan bogi da suka cika shagunan 'yan yawon buɗe ido. A 2019 kotun tarayya ta ci wani kamfani tarar dalar ƙasar miliyan 2.3 saboda sayar da kayan da aka yi a Indonesiya da sunan aikin Aborijin.

Ba na cikin masu cewa duk abin banza ne. Su ma can sun bambanta abu biyu. Akwai ambaton masu ƙasa, wanda kowa zai iya yi, shi ne sallamar. Akwai kuma marabtar baƙi, wadda ba mai yin ta sai dattijo ko dattijuwa daga ainihin mutanen wurin, wani lokaci da hayaƙin ganye, ita ce amsar. Jami'ar da ta je wurin dattawan, ta zauna ta saurara, ta bari suka zaɓi mai zane da abin da za a zana da abin da ba za a zana ba, ta biya shi yadda take biyan mai tsara gini, ta buɗe wa 'ya'yansu gurabun karatu, wannan ta tsaya a gefen ƙofa, ko da ta makara. Ita kuwa ƙasar gaba ɗaya, an gwada ta. Firayim Minista Kevin Rudd ya nemi gafara a majalisa ranar 13 ga Fabrairun 2008, an yi kuka an yi tafi. Amma ranar 14 ga Oktoban 2023, da aka yi ƙuri'ar raba gardama a kan a sa wa 'yan asalin ƙasar majalisar ba da shawara a cikin tsarin mulki, shawara kawai ba hukunci ba, kusan kashi 60 cikin 100 suka ce a'a, jihohi shida duka suka ƙi. Baƙo yana son yin sallama, ba ya son a amsa masa daga ciki.

Kumasi ma ta ɗanɗani baƙon da ba ya sallama. A 1874 sojojin Ingila ƙarƙashin Wolseley suka ƙone garin suka rushe fada suka kwashe zinariya. A 1896 aka kama Prempeh na Ɗaya, aka bi da shi Elmina da Saliyo har tsibiran Seshel. A 1900 Gwamna Hodgson ya zo ya ce a kawo masa kujerar zinariya, maganar da ta tayar da yaƙin Yaa Asantewaa, uwar sarautar Ejisu. An ci Asante da yaƙi, amma kujerar ba ta shiga hannun Bature ba, an ɓoye ta. Prempeh ya dawo a 1924, aka maido da sarautar Asantehene a 1935 a hannun Prempeh na Biyu, filayen Kumasi da Turawa suka riƙe suka koma hannunsa a 1943. Don haka lokacin da ake neman inda za a kafa kwaleji, akwai wanda za a je wa, kuma yana da ikon hanawa. Har yau haka abin yake. Tsarin mulkin Gana na 1992 ya amince da filayen kujera, kuma mafi yawan ƙasar Gana a hannun sarakuna da dangogi take. Duk mai gida a Zango ya san hanyar: ka je wurin sarkin da filin ke ƙarƙashinsa, ka ba da abin da ake kira kuɗin sha, a ba ka takardar rabo, ofishin filaye na Asantehene ya sa hannu, a rubuta maka haya ta shekara 99 in kai ɗan ƙasa ne, ba ta wuce 50 in baƙo ne, sannan kowace shekara ka biya kuɗin ƙasa. Ginin naka ne, ƙasar ta kujera ce. Ko kayan da aka kwashe a yaƙi sun fara komowa: a 2024 wani gidan tarihi a Amurka ya maido da guda 7, gidaje biyu na Landan suka kawo 32, su kuma wai aro suka ba mai kaya kayansa.

Wanda ke son ganin zanen bangon Asante na ainihi ba sai ya yi nisa da jami'ar ba. A Kentinkrono, maƙwabciyarta, akwai ɗaya daga cikin tsofaffin ɗakunan bautar gargajiya guda 10 da hukumar UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 1980, akwai wani a Besease kusa da Ejisu. Ɗakuna huɗu ne suna kallon tsakar gida. Ƙasan bangon an shafe shi da jan yumɓu an goge har yana ƙyalli, saman kuwa farar ƙasa ce. Zanen ba da burushi aka yi shi ba, gina shi aka yi: a lanƙwasa tsinken gora ko kara a jikin bango, a bi shi da laka, sai ya fito ya yi tudu, igiya na shiga cikin igiya, ga tsuntsu, ga kada, ga kifi. Bakano ko Bazazzagi in ya tsaya gabansa zai tuna da dagi a goshin soro. Irin waɗannan gine-gine ne suka cika Kumasi kafin gobarar 1874. Ruwan sama da gara suna cin abin da ya rage, masu iya gyaransa kuwa sun yi ƙaranci.

To mu fa? A nan ne ɗan Zango ya kamata ya rage murya, don tarihin shigarmu garin nan kashi biyu ne. Akwai Musulmin da Baturen nan Bowdich ya tarar a Kumasi a 1817, malamai da fatake, suna yi wa sarki rubutu, suna ɗinka layun da ke jikin rigar yaƙinsa. Waɗannan da izini suka zauna, sarki ya san adadinsu, ya san unguwarsu, zuriyarsu na nan da limaminsu a fada. Amma yawancin fataken goro na ƙasar Hausa ba a barinsu su iso Kumasi a wancan zamani. Mutanen Asante, waɗanda kakanninmu ke kira Tonawa, a kasuwannin arewa suke tare su, musamman Salaga ta ƙasar Gwanja, a yi ciniki a can kowa ya koma. Sai da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, Turawa suka kama Prempeh a 1896, sannan hanya ta buɗe ayari suka kwararo. Kuma cikin sojojin da Bature ya shigo da su, a 1896 da 1900, akwai rundunar da ake kira ta Hausawa, ko da yake duk ɗan arewa da ya sa kaki a lokacin Bahaushe ake ce masa. Zangon da muka sani ya yi girma ne a lokacin da maigida yake tsare a tsibiri, Bature ne ya nuna wuri, shi ya riƙa naɗa masu unguwa. Ba daɗin faɗa, amma haka aka yi.

Abin da ya cece mu shi ne da maigida ya dawo, iyayenmu sun fita sun sake tsayawa a bakin ƙofa. Suka kai gaisuwa fadar Manhyia, suka karɓi ƙasa a hannun kujera, suka koyi Twi har ya zauna a bakinsu. A shekarun 1950, da siyasa ta yi zafi tsakanin Asante da gwamnatin Nkrumah, da yawa daga manyan Zango suka tsaya a ɓangaren mai masaukinsu, kuma sun biya farashi: a 1957 aka kori Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Ladan zuwa Najeriya. A watan Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su bar ƙasar, dubun dubata suka tafi, wasu ko garin da aka ce nasu ne ba su taɓa gani ba. Tsofaffinmu ba su manta motocin da suka cika da katifu da tukwane ba. Daga Akara waɗannan umarni biyu suka fito. Waɗanda suka rage suka ci gaba da zama, ana auratayya, ana zuwa jana'izar juna, ana faɗa a kasuwa ana shiryawa. Ranar Akwasidae, wadda ke zagayowa duk kwana 42, za ka ga rawuna a cikin masu zuwa gaisuwa a fada. A can ma ba a yi wa sarki magana kai tsaye, sai ta bakin mai magana da yawunsa mai riƙe da sandar zinariya, ya kai ya kawo, kai kuwa kana tsaye kana jira. Ɗan Zango bai taɓa ganin baƙon abu a cikin wannan ba.

Saboda haka ba na yi wa sallamar da ta makara dariya. Tana karɓuwa, in mai yin ta ya yarda ya koma waje ya jira, ya kuma yarda cewa amsar na iya zama wadda ba ya so.

Akwai dai wani abu da kujerar bakin ƙofa ba ta faɗa ba. In baƙo ya sauka, maigida ne ke cewa maraba, shi ake yi wa godiya, shi ake kai wa tsaraba. Amma ba shi ke tashi daga ɗakinsa ba. Samarin gida ake cewa su kwashe tabarminsu daga shago su koma zaure, su sauro ke ci, kuma baƙo na iya tafiya bai san sunan ko ɗaya ba. Dubban ekar da jami'ar ke kai ba daji ba ne marar kowa. Ayigya da Bomso da Ayeduase da Kotei da Kentinkrono suna kewaye da ita, kuma mutanensu ne ke noma a wajen. Yau garuruwan sun cika da benayen kwanan ɗalibai, wasu sun samu arziƙin haya, wasu haya ta fi ƙarfinsu a garin ubansu, rigimar iyaka kuwa ba ta ƙare ba. Da ni ake shawara a sashen zane na jami'ar, wanda ya yaye irin su El Anatsui, da na ce a ware bango guda a rubuta sunayen garuruwan nan manya-manya. Mutanen Najeriya ma kada su ce ba ruwansu. An sa hoton Ladi Kwali mai ginin tukwane a takardar naira 20, amma a tambayi Gbagyin da aka tasa tun da aka yanke kafa Abuja a 1976 wa ya tsaya a ƙofarsu.

Bangayen Zango kuwa ba a rasa abin da ke jikinsu ba: fastocin 'yan takara na zaɓen da ya wuce da wanda ya gabace shi, tallan kamfanonin waya, lambar mai maganin basir, gargaɗin kada a yi fitsari a nan. Masu hannu ba su ƙare mana ba. Kumasi gari ne na masu zanen allon shago da bayan mota, 'ya'yanmu kuma suna karatun zane a Tek. Ibrahim Mahama, ɗan Tamale da ya yi karatu a can, ya ɗinke tsofaffin buhunan koko da gawayi, masu ɗauke da sunayen 'yan kasuwa da dattin hannun 'yan dako, ya lulluɓe gine-gine da su har ya kai baje kolin Benis a 2015. Masu tsoron maganar malamai a kan hoton mai rai su kwantar da hankali, dagi ba shi da fuska, yawancin alamomin adinkra na Asante ma haka.

Kirana ga Sarkin Zango da sarakunan ƙabilu da limamai da ƙungiyoyin samari shi ne a nemi bango guda mai faɗi, kusa da babban masallaci ko a bakin titin Aboabo, a kankare fastocin, a zana hanyar goro daga Kano zuwa Salaga zuwa Kumasi, a rubuta da Hausa da ajami da Twi cewa a ƙasar kujerar Asante muke zaune. Ɓangaren adinkra kada ɗanmu ya kwafo shi daga intanet, a ɗauko mai sana'ar daga Ntonso a biya shi haƙƙinsa. Kafin a sayi ko gwangwanin fenti ɗaya kuwa, a tashi dattawa su je Manhyia ranar Akwasidae mai zuwa su faɗi abin da ake son yi, su tsaya su ji amsa. In aka ce a canza wani abu a canza, in aka ce a dakata a dakata.